Bazarar da Aka Hana Mu Cewa Babu

Zafin bana ya ishe ni. Tun hantsi ake ɗauke wuta, fanka ta tsaya cak, in jawo tabarma in bi inuwar katanga, tana matsawa ina matsawa har la'asar. Ruwan randa ma da ɗumi yake fitowa. Jiya da na gaji na ce wa maƙwabciyata zafin nan sai ya kashe mutum, sai 'yarta, wata mai ƙwazo a ƙungiyar matasan cocinmu, ta ce, "Mama, ki daina faɗin haka, bakinki yana da iko." Na dube ta na ce to. Ba ni da ƙarfin gardama, ita ma yarinyar ba da mugun nufi ta faɗa ba. Sai dai ta tono mini wata bazara da na daɗe da binnewa, ta shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki.

Lokacin muna zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, ciki da falo a wani gidan haya mai tsakar gida ɗaya da rijiya ɗaya. Ni Saratu, da mijina Yakubu, da 'yarmu Hannatu wadda ta ɗan haura shekara uku. Daga kudancin Kaduna aiki ya kawo mu Kano, aikin kuma ya yar da mu, don masaƙar da Yakubu ke yi wa aiki a Sharaɗa ta sallami ma'aikata tun kafin Kirsimeti. Kullum da safe zai goge takalmi ya fita nema, da yamma ya dawo da takalmin ya yi fari fat, hannu kuwa babu komai.

Yaran yanzu ba za su gane wahalar ruwan lokacin ba. Yau in famfo ya ƙi, akwai rijiyar burtsatse a bayan layi, akwai ruwan leda a kowane shago. Mu kuwa tun kiran sallar asuba muke tsaye a bakin rijiya, ni da matan gidan, kowa da bokitinta a layi. A zura guga har igiya ta ƙare, a ji ya bugi ƙasa, ya fito da rabin ruwa rabin laka. Sai an ajiye ya kwanta kafin a tsiyaye na sama. Na farko na sha ne da girki, na biyu na wankan yara, wanda aka yi wanka da shi a tara shi a wanke tsumma, na wanke tsumman a kai banɗaki. Kananzir kuwa ya zama abin labari. Murhun gwangwani muka koma, wanda ake danƙara wa garin katako, ka yi ta hura shi idonka na hawaye, tuwo ya fito da warin hayaƙi.

In rana ta take, rufin kwano ya fara ƙara kamar ana taka shi, sai mu fito ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida da farantanmu. Wata 'yar kasuwa daga Tarauni take kawo mana agushi mu ɓare mata, abin da muka samu mu sayi garin masara da kuka. Har yau in na ga agushi sai na ji faratana suna zugi. Wadda na fi zama kusa da ita Inna Hajara ce, matar wani direban bas da suka zo daga wani ƙauye a kudancin Kano. Musulma ce, ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma ba ta iya ganin abu ta yi shiru. Hannatu a cinyarta take wuni tana zuba mata surutu, don 'yar nan tawa tun da ta buɗe baki ba ta rufe ba.

Gadon surutun daga ubanta ne. Yakubu mutum ne mai baki, kuma rashin aiki ya mai da bakin nan ɗaci. Zai zauna gaban rediyo ya tsine wa masu mulki, ya tsine wa masu masaƙa, ya rantse da abin da ya sani da wanda bai sani ba. In Hannatu ta zubar da koko ya ce mata shashasha. Ni kaina na sha nawa rabon. Ga shi kuma yana cikin mawaƙan coci, ranar Lahadi bakin nan ne dai zai buɗe ya yi yabo har tsofaffi su share hawaye.

Ana cikin azumin da ake yi kafin Ista aka gayyato wani baƙon mai wa'azi, ya yi kwanaki yana koyarwa a kan harshe, tafinta na juyawa. Gaskiya ba zan ci haƙƙinsa ba, yawancin abin da ya faɗa abin da iyayenmu suka koya mana ne daga Littafi Mai Tsarki. Bakin da ke yabon Allah bai kamata ya zagi mutum ba. Mai bin Yesu ba ya bukatar rantsuwa, in ya ce i ta zauna. Kada a la'anci yaro. Yakubu ya dawo gida jikinsa a sanyaye, ya zauna a bakin gado ya ce, "Maman Hannatu, ki yafe mini. Daga yau bakina ya shiga azumi." Ya kuwa cika. Zagi ya ɗauke, tsinuwa ta ɗauke, rediyo ma ya huta. Makonnin nan, duk da yunwa, sun fi kowane lokaci daɗi a aurenmu, na kuma gode wa Allah da zuciya ɗaya.

Da abin ya tsaya nan da ba ni da labarin bayarwa. Amma baƙon ya ƙara da wani abu a ranar ƙarshe, kuma shi ne ya fi kama Yakubu. Wai abin da ka furta shi kake gayyata. In ka ce babu, ka buɗe wa babu ƙofa. In ka ce ba ka da lafiya, ka sa hannu ka karɓi ciwo. Mutumin da ya yi watanni yana yawo a rana ba wanda ya saurare shi, aka ce masa ga wani abu da ke hannunsa, yaya ba zai riƙe da ƙarfi ba? Ista ta zo ta wuce, kowa ya koma harkarsa, azumin bakin gidanmu bai ƙare ba.

Doka ta kafu. Ba a cewa gari ya ƙare, sai a ce Ubangiji ya tanada. Ba a cewa an gaji, sai a ce ana samun ƙarfi. Wata rana Inna Hajara ta leƙo ta ce, "Saratu, ko kina da ɗan kananzir in tsiyaya a fitila?" Yakubu na zaune, sai na ce mata yana hanya.

"Tun wancan makon yake hanya," in ji ta. "Daga Legas yake tahowa da ƙafa ne?"

Har Yakubu sai da ya yi dariya. Ni ma da farko abin wasa na ɗauke shi, wani lokacin ma yakan rage mini nauyin zuciya. Amma akwai gajiya ta musamman a cikin jin yunwa kana cewa ka ƙoshi. Cikinka na faɗin abu ɗaya, bakinka na faɗin wani, kai kuma kana tsakiya. Na taɓa tambayarsa ko wannan ba ƙarya ba ce, ita ma ai an hana. Ya ce ba ƙarya ba ce, bangaskiya ce, muna faɗin abin da Allah ya riga ya yi ne tun ido bai gani ba. Ya fi ni sanin ayoyi, sai na bar shi.

Zafi ya kai maƙura bayan Ista. Hadari zai haɗu a gabas da yamma, mu fito da bokitai da robobi mu jera, iska ta taso ta watsa shi, mu kwashe kayanmu mu koma. Yara duk sun feso da ƙurajen zafi. A cikin unguwa aka fara raɗe-raɗin sanƙarau, an ce ya ɗauki yara a wajen unguwar Daurawa. A irin wannan rana ce Hannatu ta ƙi cin abinci, ta kwanta a kan siminti tana cewa kanta. Na taɓa ta na ji kamar na taɓa murfin tukunya.

Na ce, "Baban Hannatu, yarinyar nan ba ta da lafiya."

Ya ɗaga mini hannu. "Kada ki sa mata suna. Lafiyarta ƙalau cikin sunan Yesu." Ya durƙusa ya ɗora mata hannu ya yi addu'a mai tsawo, yana gumi. Kada wani ya ce Yakubu bai ƙaunaci 'yarsa ba. Tsoro ne ya cika shi, yana gani kamar in kalmar ta fito daga bakinsa shi ne ya miƙa ta. Na ba ta maganin zazzaɓi da na saya a kemis, na yi ta shafa mata jiƙaƙƙen tsumma da ruwan da ya kamata mu sha. Zazzaɓin ya sauka kaɗan, ya sake hawa. Washegari ta fara amai.

A cocinmu akwai wata al'ada da muka tarar, kuma ita ce asibitin talaka a lokacin. Ranar Laraba da yamma, a wajen taron addu'a, dattijo zai tashi ya ce, "Wa ke da mara lafiya a gida?" Duk wanda ya ambaci suna, ba addu'a kawai za a yi ba. Kafin duhu matan zumunta za su iso gidan, a gabansu Mama Rifkatu, tsohuwar nas da ta yi ritaya tana zaune a Tarauni, da jakarta a hannu. Ita za ta duba ta ce wannan na gida ne, wannan kuwa a tashi a tafi asibiti yanzu, kuma in ta ce a tashi, ko babu ko sisi sai an san yadda aka yi. Amma sai an faɗa. Ba sa shiga gidan da bai kira su ba, don kada a ce sun zo tonon asiri.

Laraba ta zo, ba zan iya barin Hannatu ba. Na bi Yakubu har ƙofa na ce, "Don Allah in dattijo ya tambaya, ka ambaci sunanta." Ya ce zai kai ta gaban Ubangiji. Na ɗauka mun gama magana. Na share ɗaki, na ari kujera wurin Inna Hajara saboda baƙi, na zauna ina kallon ƙofa. Rana ta faɗi. Yakubu ya shigo shi kaɗai da littafin waƙoƙinsa a hammata.

Na ce, "Ina su Mama Rifkatu?"

"Na ba da shaida," ya ce. "Na tashi na gode wa Allah a gaban jama'a saboda lafiyar da ya ba iyalina. Kowa ya ce amin."

Ban yi kuka ba, ban yi faɗa ba. Wata irin gajiya ce ta sauko mini tun daga wuya har tafin ƙafa. Na mayar wa Inna Hajara kujerarta.

Da gari ya waye Yakubu ya fita, wai an ce ana ɗaukar masu gadi a wani kamfani. Hannatu ta daina kuka sai nishi, ta juya wa hasken taga baya. Inna Hajara ta shigo ba sallama, ta sa tafin hannu a ƙeyar yarinyar ta gwada sunkuyar da kanta. Wuyan ya ƙi, yarinyar ta ƙwalla ƙara. Inna ta dube ni.

"Saratu, ni ban san me littafinku ya ce ba. Amma na binne ɗa da wannan wuyan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tashi."

Ta ɗora mini ita a baya, ta ɗaure zanen da hannunta, ta yafa mana mayafinta saboda rana. Yanzu daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni ai kafin ka gyara zama a adaidaita an iso, ko ma ka ɗaga waya ka kira. Ranar babu mai a gari. Motoci sun yi layi a gidan mai har ba ka ganin ƙarshensu, mijin Inna ma a can ya kwana da bas ɗinsa. 'Yan acaɓan da suka rage sun ninka kuɗi. Da ƙafa na tafi, kwalta na kama silifas ɗina, zafin rana a kaina, zafin Hannatu a bayana, ban san wanda ya fi ba. Duk wanda na sani a hanya ya ce "Maman Hannatu, lafiya?" sai in ji bakina ya ce lafiya lau da kansa, saboda sabo.

Na tarar da Mama Rifkatu tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ce, "A'a, Saratu, jiya maigidanki ya ba da shaida mai daɗi." Na yi makonni ban faɗi irin wannan magana ba. Da ƙyar na ce, "Mama, Hannatu ba ta da lafiya. Tun shekaranjiya. Ina jin mutuwa za ta yi." Ta ajiye rariya, ta kwance goyon, ta duba ido ta taɓa wuya. Ba ta tsaya wanke hannu ba ta ƙwala wa ɗanta kira ya fito da babur.

Sai a asibiti, bayan an sa mata ruwa an fara allurai, Mama ta zaunar da ni a benci ta tambaye ni abin da ya hana mu magana. Na gaya mata duka. Ta daɗe tana kaɗa kai.

"Makahon nan da ya tare Yesu a bakin hanya," ta ce, "da aka tambaye shi me yake so, cewa ya yi idonsa garau? Ihu ya yi ta yi har mutane suka ce ya dame su. 'Yata, gyaran baki daban, rufe baki daban." Ta tashi ta tafi neman wanda zai kawo mana kunu.

Yakubu ya iso da yamma a guje, Inna Hajara ta gaya masa. Ya tsaya a bakin gadon yana kallon robar da ke hannun 'yarsa, leɓensa na motsi. Ya ce, "Ta warke cikin sunan Yesu." Mama Rifkatu ta ce, "Amin. Riƙe mata hannun nan kada ta fizge allurar." Ya riƙe. Haka ya yi ta riƙewa kwana da kwanaki, bai je neman aiki ba, bai ci abin kirki ba, bai kuma taɓa kiran ciwon da sunansa ba. Matan zumunta suka raba kwanaki a tsakaninsu, wannan ta kawo tuwo, waccan ta kwashe wanki. Inna Hajara ta riƙa ɓare rabona na agushi tana haɗawa da nata. Likita ya ce da mun ƙara wuni ɗaya da ba wannan maganar ake ba, ya kuma ce da mun zo da wuri da ya fi. Na ji duka biyun.

Hannatu ta tashi. Muka dawo gida da ita ta rame, tana tafiya tana tangaɗi kamar mai koyon tafiya. Yakubu ya ce in gani, ai bakinsa bai faɗi ƙasa ba. Na bar shi, ba ni da sauran ƙarfin ja. A makon ne aka rantsar da sabuwar gwamnati, maza suka kewaye rediyon mijin Inna a ƙofar gida suna jin alkawura, kowa na cewa wahala ta ƙare. Ni hankalina na wani wuri. Na lura in na kira Hannatu daga baya ba ta juyowa. In za ta yi magana sai ta ɗaga murya fiye da kima, kalmomin suna fitowa a karkace. Ran nan na saki faranti a bayanta da gangan, ya yi ƙara har kajin gidan suka watse, ita tana ta wasa da murfin kwalba. Na gaya wa Yakubu. Ya ce gata ne ya yi mata yawa a asibiti, kuma kada in sake furta wannan magana a gidansa.

Ruwan farko ya zo da la'asar, 'yan kwanaki bayan haka. Iska ta fara kaɗawa da sanyi-sanyi, ƙanshin ƙasa ya taso tun kafin ɗigo ya sauka, sai kuma aka sake shi gaba ɗaya. Muka fito da duk abin da zai iya tarar ruwa, har da tukwanen miya. Yaran gidan suka tuɓe suka shiga tsakar gida suna tsalle, Hannatu ta bi su ta tsuguna a bakin indararo tana tara ruwa a tafin hannu. Yakubu na tsaye a ƙofar ɗaki yana kallonta yana murmushi, rabon da in ga haƙoransa har na manta.

Sai aka yi wata tsawa, irin wadda ake ji a cikin ƙirji. Ni kaina sai da na saki bokiti. Yara suka ƙwalla ihu suka ruga ɗakunan iyayensu, tsakar gida ta zama wayam. Hannatu kaɗai ta rage a tsugune, ta ba mu baya, tana ta tara ruwanta tana zubarwa.

Yakubu ya kira sunanta. Ya sake kira da ƙarfi. Ya fita cikin ruwan da rigarsa da takalminsa, ya tsaya a bayanta daf, ya yi kiran da duk muryar da yake waƙa da ita a coci. Ya tafa hannu a kusa da kunnenta na dama, ya koma na hagu. Daga nan ya tsaya kawai, hannuwansa a sake, ruwa na dukansa.

Inna Hajara ta leƙo daga ƙofarta da zane a ka. Ta ce, "Malam Yakubu, lafiya kake tsaye cikin ruwa?"

Na ga bakinsa ya buɗe zai ba da amsar da ya saba, ya rufe.

"Ba lafiya ba, Inna," ya ce. "'Yata ba ta ji."

Ya sunkuya ya ɗauke ta, yana ta maimaitawa, ba ta ji, ba ta ji. Hannatu ta ɗaga kai ta ga bakin babanta yana motsi, sai ta sa jiƙaƙƙen hannunta ta taɓa leɓensa, tana dariya.